Sharhi: Labarin duniya ya cika salula, labarin unguwa ya yi ƙaranci

Duk mazaunin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai iya yin wannan lissafi da kansa. Ya buɗe salularsa ranar Lahadi da dare, ya duba abin da ya karanta, da abin da ya kalla, da abin da ya saurara tun daga Litinin. Yawancinmu abu iri ɗaya za mu tarar: jawabin ɗaya daga cikin shugabannin ƙasashen AES, bidiyon yaƙin Gaza ko na Yukren, rigimar siyasar Kano, ƙwallon Sifaniya da na Ingila, kashi biyu ko uku na wani fim mai dogon zango, wa'azi, sai tarin saƙonnin murya waɗanda ba wanda ya san bakin da suka fara fitowa.

Abin da zai yi wuyar samu a cikin wannan tari shi ne labari tabbatacce a kan garin da mutum yake kwana. Me ya sa famfo ya yi kwana uku ba ruwa? Wace unguwa za a ɗauke wa kuran gobe, kuma har ƙarfe nawa? Nawa tiyar hatsi ta kai a kasuwa wannan makon? Wa aka ba aikin yashe magudanar da ta toshe tun damanar bara? Waɗannan su ne tambayoyin da ake yi a fada wajen shan shayi, su ne kuma ake amsawa da "an ce". Da irin wannan "an ce" mutane ke yanke shawarar inda za su sayi fili, da lokacin da za su sayi buhun hatsi, da ko za su kwashe iyali daga bakin gulbi kafin dare. Saboda haka ƙarancin labarin gari asara ce da ake biya da kuɗi, wani lokacin ma da rai.

Rediyon safe ya rage baƙi

Shekara da shekaru, makon ɗan birni a Nijar da rediyo yake farawa. Kafin a fita nema an ji BBC, an ji Muryar Amurka, an ji DW da RFI, yawanci ta tashoshin FM na gida masu kama shirye-shiryensu. Cikin ƙasa da shekara biyu wannan tsari ya sauya. A farkon watan Agusta na 2023, mako guda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka dakatar da RFI da France 24. A watan Disamba na 2024 hukumomi suka dakatar da BBC na wata uku, bayan rahotannin da ta bayar kan wani hari a yankin Tera, waɗanda gwamnati ta ce ƙarya ne kuma suna karya gwiwar sojoji. A watan Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi shiru, wannan karon bisa umarnin gwamnatin Donald Trump, ba da hannun Yamai ba.

Hukumomin ƙasa suna da hujjarsu: a ganinsu ƙasa na cikin yaƙi, kuma wasu kafofin waje makami ne a hannun ƙasashen da ke ɗaukar nauyinsu. 'Yan jarida da ƙungiyoyin kare su suna ganin an toshe wa jama'a hanyar jin ɓangare na biyu. Ana iya yin doguwar muhawara a kan wannan, amma akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika faɗa ba. Ko a lokacin da duk waɗannan tashoshi ke aiki, ba su ne ke gaya wa mutumin Bagalam ko na Garin Malam halin da unguwarsa ke ciki ba. Wakilinsu ɗaya ne a jaha guda, rahotonsa minti biyu ko uku ne, kuma sai abu ya girma yake shiga labarai. Amfaninsu na wajen labarin ƙasa ne da na duniya. Labarin gari dama can aikin tashoshin gida ne, irin su Anfani, Saraounia, Ténéré, Dounia, Shukurah da rediyoyin karkara, tare da Studio Kalangou mai haɗa shirye-shirye cikin harsunan ƙasa yana raba musu.

Abin kallo daga Kano yake zuwa

In an koma wajen kallo, nan ma ƙafa ɗaya tana waje. Da daddare a gidaje da yawa, Arewa24 ce ke kunne, ko kuma YouTube a salula. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina da Izzar So sun saba da 'yan kallo a Maraɗi da Damagaram kamar yadda suka saba da na Kano da Kaduna, ga kuma fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Babu laifi a cikin wannan. Harshe ɗaya ne, al'ada ɗaya ce, kuma 'yan Nijar da dama sun yi suna a Kannywood da waƙar Hausa.

Sai dai akwai abin lura. Kwana Casa'in, alal misali, shiri ne da ya ginu a kan siyasar wani gari na ƙirƙira, da gwamna, da 'yan jarida, da asibitin da ya lalace, da kuɗin jama'a da ake wawura. Jama'a sun bi shi shekara da shekaru, abin da ke nuna cewa mutane na da ƙishin labarin yadda ake tafiyar da gari. Matashin da ya san sunan kowane ɗan wasa a wannan shiri, ya kuma san duk matakin da aka taka a rikicin masarautar Kano tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero tun watan Mayu na 2024, sau da yawa bai san adadin kasafin kuɗin ma'aikatar magajin garinsu ba. Rashin sha'awa ba shi ne dalili ba. Labarin Kano akwai masu kawo masa shi kullum da harshensa, na garinsu kuwa babu mai kawowa.

Tashoshin talabijin na gida, daga Télé Sahel zuwa Canal 3, Bonferey da Labari, suna da labarai da harsunan ƙasa. Amma duk wanda ya zauna ya kalle su mako guda zai ga yawan lokacin da taruka ke cinyewa: buɗe taro, rufe taro, karɓar baƙi, miƙa gudummawa. Kuma yawancinsu Yamai suke kallo, sauran birane sai abin da ya samu.

Karatu: Faransanci a takarda, Hausa a WhatsApp

Kundin Refondation da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mataki ne babba a takarda. A aikace kuwa, jaridar gwamnati Le Sahel da Sahel Dimanche da Faransanci suke fita, haka yawancin shafukan labarai masu zaman kansu, haka sanarwar ma'aikatu da ta kamfanonin ruwa da wuta. A ƙasar da waɗanda suka iya karatun boko a cikin manya ba su kai rabi ba, sanarwar da aka rubuta da Faransanci aka liƙa a Facebook ba ta isa wajen mai tura kurar ruwa ko mai tuyar ƙosai, alhali su ne katsewar ruwa ko wuta ke fara taɓawa.

Matashin da ke son karanta Hausa yakan faɗa shafukan Najeriya, kamar Aminiya, Premium Times Hausa da Legit Hausa, ko na waje irin su DW da TRT Afrika. 'Yan mata da matan aure da yawa littattafan soyayya suke bi a rukunonin WhatsApp, wasu ma sauraren su suke yi a YouTube inda ake karanta su da murya. Wato masu karatun Hausa suna nan, kuma suna kashe megarsu a kai kowace rana. Abin da ba a rubuta musu ba shi ne labarin kasuwar Dole, da na Katako, da na babbar kasuwar Maraɗi.

Bayanan suna nan, isowa ce ba su yi

Damanar 2024 ta nuna tsadar wannan giɓi. Alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, kuma ambaliyar ta shafi kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi. A ƙarshen watan Agusta ruwan dare ɗaya ya yi ta'adi a birnin Maraɗi. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ruwa ya yanke hanyar da ta fita daga Yamai zuwa Dosso a wajen Sorey, kuma sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi.

Hotunan ɓarna sun zagaya ko'ina cikin 'yan awanni. Bayanin da ya kamata ya riga ɓarnar isowa shi ne bai zagaya ba, alhali a cikin ƙasar ake haɗa shi. A Yamai hedkwatar Hukumar Kogin Neja take, a Yamai cibiyar AGRHYMET da ACMAD suke, waɗanda ke hasashen damana ga yankin baki ɗaya. Ana auna tsayin kogi a Yamai, kuma an san matakan haɗari: santimita 580 gargaɗi ne mai tsanani, 620 kuwa jan layi ne. A 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700, ya fasa shingen Lamorde. Mutumin Kirkisoye, Saga ko Harobanda yana da haƙƙin jin wannan lamba kowace safiya a watan Agusta, da Zabarmanci da Hausa, kamar yadda yake jin lokacin salla.

Maraɗi ma tana da nata tarihin. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka taso da garin daga cikin fadama zuwa tudu. Yau gari ya faɗaɗa, ana yanka filaye ana gini a hanyoyin da ruwa ya saba bi. Gulbin Maraɗi kuma daga Najeriya yake shigowa, ta madatsar Jibiya a jihar Katsina, don haka halin da madatsar ke ciki labarin gida ne ga duk mai gona ko gida a bakin gulbi.

Haka batun kuran yake. Kafin takunkumin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. An yanke ta a Agustan 2023, aka maido a Maris na 2024. Yamai, Dosso da Tilaberi layin Birnin Kebbi suke sha, Maraɗi da Damagaram kuwa layin Katsina wanda ya biyo ta Gazawa. Duk matsalar da ta samu babban layin Najeriya, tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi suna jin ta a aljihunsu. Da ana bayyana wa jama'a wannan a sauƙaƙe, da mai sana'a ya san ko matsalar ta awa uku ce ko ta kwana uku, ya shirya.

Ƙishirwar Damagaram ta girmi kowa a cikinmu. Garin a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birni Yamai a 1926. Daga nesa ake janyo ruwan, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Tun farkon 2024 kamfanin ƙasa NDE ne ya karɓi rabon ruwa daga SEEN. Kowace bazara farashin jarka a hannun 'yan ga-ruwa yana hawa, kowa na ƙorafi, amma da wuya ka ji an faɗi yawan ruwan da gari ke bukata a rana, da wanda ake iya turowa, da jadawalin unguwanni.

Ƙarancin man fetur na watan Maris na 2025, wanda ya faɗo cikin azumi, shi ma darasi ne. Matatar SORAZ ta Damagaram ganga 20,000 take iya tacewa a rana tun buɗe ta a 2011. Shekara da shekaru man ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ne ke cike giɓin a kudancin ƙasa. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man can ya yi tsada, sannan a Yulin 2024 aka sauko da litar esansi zuwa sefa 499 a nan gida, sai jama'a suka koma gidajen mai, bukata ta fi abin da ake tacewa. Wannan lissafi ne mai sauƙi da ɗan kabu-kabu zai fahimta cikin minti biyu. Kafin bayanin ya iso masa, jita-jita iri-iri ta riga ta cika layin mai.

Me ya kawo giɓin?

Dalili na farko shi ne kuɗi. Tashoshin gida da talla da sanarwar biki da ta rasuwa suke rayuwa. Ɗan jaridar da albashinsa ba ya zuwa a kan lokaci, idan aka ba shi zaɓi tsakanin taron da za a ba shi kuɗin mota da yinin da zai ɓata yana bin diddigin wata kwangila, an san inda zai nufa. Bincike yana cin mai da kiredi da lokaci, kuma babu mai biya.

Na biyu shi ne tsoro. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da ayyukan Maison de la Presse. A Yunin wannan shekara aka gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka maido da hukuncin ɗauri: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, ko da kuwa bayanan gaskiya ne. An tsare 'yan jarida irin su Samira Sabou a 2023 da Idrissa Soumana Maïga a 2024, haka wasu ma'aikatan Sahara FM ta Agadas a 2025. Yawancin waɗannan shari'u a kan batun tsaro da siyasa suke, amma sanyin jikin da suka haifar bai tsaya nan ba. Editan da ba ya son fitina yakan guji duk labarin da zai ɓata wa wani mai iko rai, har da na shara da magudana.

Na uku shi ne rashin wurin tambaya. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun birane da na ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, da yawansu jami'an tsaro ne. Duk da gazawar zaɓaɓɓun kansiloli, zaman majalisa wuri ne da ake karanta kasafin kuɗi, ake gardama, kuma ɗan adawa yakan tsegunta wa ɗan jarida abin da ake son rufewa. Wasu kantomomin an ga aikinsu a fili, musamman wajen tsafta da buɗe hanyoyin ruwa. Amma kantoma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi, don haka bayyana wa jama'a lissafi ya koma abin ganin dama.

Inda duk aka bar wuri babu kowa, wani zai zauna. Saƙon murya na WhatsApp ya dace da mu: ba ya bukatar iya karatu, da harshen gida yake, kuma daga hannun ɗan'uwa yake zuwa. Matsalarsa ita ce ba shi da kwanan wata, ba shi da mai shi. Bidiyon ambaliyar shekarar da ta wuce yakan dawo a matsayin na jiya, hoton wata ƙasa yakan koma na Tawa, kuma mai gyara ba ya taɓa cim ma mai yaɗawa.

Waɗanda ke nesa sun fi shan wahala

Ɗan Nijar da ke Legas, Abidjan, Akara, Tamanrasset, Sabha, Jidda ko Turai, da salula kaɗai yake ganin gida. Shi ne ke turo kuɗi ta Nita ko Amana a ƙarshen wata, shi ake kira idan katanga ta faɗi, shi ke yanke shawarar sayen fili ta hoto. Idan bai san ainihin farashin buhun hatsi ko na siminti ba, ko dai ya turo abin da bai isa ba, ko ya zargi ƙanensa da cuta ba gaira ba dalili. Idan bai san cewa filin da aka nuna masa a rani hanyar ruwa ce a damana ba, guminsa na shekara biyar zai iya tafiya cikin dare ɗaya.

Matakan gwamnati ma suna taɓa shi kai tsaye. Hana fitar da hatsi zuwa waje a Oktoban 2024, da hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025, da ci gaba da rufe iyakar Gaya da Malanville wanda ya karkatar da kaya ta Lome da Burkina Faso, duk suna da tasiri a kan farashi a Ƙonni da Ɗan Isa da Matamaye. Yakan ji an ɗauki matakin, amma da wuya ya samu wanda zai bi ya gaya masa yadda kasuwa ta kasance bayan wata guda.

Abin da ke iya yiwuwa

Gyaran dokar 'yan jarida da dawowar zaɓaɓɓun majalisu batutuwa ne da za su ɗauki lokaci, kuma ya kamata a ci gaba da neman su. Kafin nan akwai aikin da ba ya bukatar izinin kowa. Hukumar SIMA tana tattara farashin kayan gona a kasuwannin ƙasa a kai a kai. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da bayanai. OPVN tana sayar da hatsi a farashi mai rahusa a wasu lokuta na shekara, kuma ana iya sanin wuri da rana. Aikin ɗan jarida a nan shi ne ya ɗauko, ya juya zuwa Hausar kasuwa, ya sa kwanan wata da sunan kafarsa, ya kuma fitar da shi ta hanyar da mutane suka riga suka saba, wato saƙon murya na minti biyu.

Kowane birni zai iya samun irin wannan taƙaitaccen rahoto sau ɗaya a mako: farashin tiyar hatsi, masara, wake da shinkafa a manyan kasuwanni biyu, canjin naira da sefa a bakin iyaka, jadawalin ruwa da kuran, hanyoyin da suka yanke, sai tsayin kogi ko gulbi a lokacin damana. Kamfanonin ruwa da wuta da ofisoshin kantomomi su ma riba za su ci idan suka riƙa fitar da sanarwarsu da Hausa da Zabarmanci a rana ɗaya da ta Faransanci, domin mutumin da aka gaya wa gaskiya tun da wuri ya fi haƙuri a kan wanda aka bari cikin duhu. Tun da kundin ƙasa ya ba Hausa matsayi, nan ne wurin da ya fi sauƙin fara aiki da shi.

Masu karatu ma suna da nasu kason. Kafin a tura saƙo gaba, a tambayi wanda ya turo: yaushe ne, a ina ne, wa ya faɗa? Mazauna ƙetare, waɗanda suka fi kowa bukatar sahihin labarin gida, za su iya tallafa wa tashar garinsu da ɗan abin da zai sayi man babur ɗin wakili. Wanda kuma ya ga magudana ta toshe a unguwarsu ya ɗauki hoto da kwanan wata ya aika wa kafar da ya amince da ita tun a rani, lokacin da yashewa ke da sauƙi, kada ya jira sai ruwa ya shigo ɗaki.